Musayar Baiti: Ina Ciwon Ƙwallonmu Yake?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wlh tun daren da Kwango ta cire mu a bugun fenareti a Rabat raina bai dawo daidai ba, 2022 Ghana ta tare mana hanya, ta 2026 ma babu mu, kofin duniya biyu a jere fa. Na ce bari in zuba shi a baiti, mai amsa ya amsa min da baiti, ban da zagi don Allah.

Da sunan Allah zan fara baiti,
Abin da ke cin raina nake faɗawa.

Daren Rabat na zauna a kan benci,
Janareto na kuka, zufa na zubowa.

Ɗari biyu na biya a bakin ƙofa,
Na fito da hawaye ina sharewa.

Muna da Osimhen, muna da Lookman,
Gwanayen Afirka, ba a musawa.

Kambun gwani sun karɓe shi a jere,
Tikitin duniya kuma yana kuɓucewa.

To ku gaya min ina ciwon yake,
Koci ne, 'yan wasa, ko masu riƙewa?

Malam Habu Mai Usur:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni malamin wasanni ne a sakandare, bari in ba ka abin da idona ya gani.

Ƙanena Ɗan Fagge share hawaye,
Ciwon yana can gindi, a makaranta.

Shekara ashirin ina busa usur,
Ina ganin yara masu bajinta.

Akwai wani yaro, ƙafa ba takalmi,
Ya yanke mutum uku kafin ka ƙifta.

Ragarmu duwatsu biyu ne a ƙasa,
Ƙwallo ta fashe, mu ɗinke, mu buga ta.

Filin da muke intahaus a kansa,
An yanka shi filoti, an kuma shata.

Yaron da na ce maka, jiya na gan shi,
A Ƙofar Ruwa yana jan adaidaita.

Na hau ya kai ni har gida ya ƙi karɓar kuɗina, wai Malam ai kai ka koya min bugun kwana. Har na sauka ban iya ce masa komai ba, maƙogwarona ya toshe.

Sadiƙ Mishigan:
Allah sarki Malam, labarin nan ya taɓa ni. Ina karatu a nan Amurka kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na zo ba manyan kulob ba ne, wasan jami'a ne, ƙwallonsu ta hannu mai kwalkwali ɗin nan da kuma kwando, a watan Maris jami'o'i 68 suke shiga gasar kwando kowa a ofis da aji zancenta yake.

Malam na gaishe ka da girmamawa,
Zancenka na gan shi da ido a Amurka.

Ran Asabar gari yakan tsaya cak,
Filin jami'a ya cika ya batse duka.

Mutum dubu ɗari da bakwai a zaune,
Ɗalibai ne ke wasan, ba shakka.

Da safe aji, da yamma atisaye,
Daga nan manyan kulob suke ɗauka.

Olajuwon ɗan kwando daga Legas ya tashi,
Jami'ar Houston ita ce ta yi shuka.

NBA, babban lig ɗin kwando, ta zo ta girbe amfani,
Kofi biyu a jere, muka ce barka.

Ba su fi mu ƙafa ko tsawo ba Malam,
Tsani suka kafa, yaro yake taka.

Baban Ummi Zariya:
Sadiƙ ɗana ka yi magana mai kyau amma ka faɗi rabi ka bar rabi, ina bibiyar kwandon can tun kafin a haife ka. Tun Yulin 2021 aka bar ɗalibai su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kotu ta yarda jami'a ta biya su kai tsaye, wajen dala miliyan 20 a shekara kowace jami'a. Ban ce kar a biya su ba, guminsu ne, shekara da shekaru wasu ke ci su suna kallo. Amma yanzu yaro bana yana nan baɗi yana can, wa zai riƙe a zuciya?

Sadiƙ ɗana tsaya ka ji ni,
Kuɗi ya shiga, ya canza hanya.

Jami'ar UCLA tana gaɓar yamma,
Wasanta yana gabas, doguwar tafiya.

Ɗalibi a jirgi ran Laraba,
Yaushe zai yi karatu, ka ban gaskiya.

Mu ɗauki tsanin, mu bar musu haukar,
Mu ma da namu a nan Zariya.

Koci Oliver Johnson ya zauna,
Yana koyar da yara ba gajiya.

Masai Ujiri a nan ya taso,
Ya kai Toronto kofin duniya.

Na san kofin NBA ne na 2019, amma su can zakaran duniya suke kiran wanda ya ci, ƙafiya ma ta yarda. Kuma NUGA tamu, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, tun 1966 ake yinta, ku gaya min cikinku wa ya taɓa zama ya kalli wasa ɗaya.

Sadiƙ Mishigan:
Gaskiya ne Baba na karɓa. Akwai wani a ajinmu ɗan wasa ne, sati biyu ban gan shi ba, da ya dawo barci yake a kan tebur da jakar ƙanƙara ɗaure a gwiwa.

Maman Hanif:
Yayyena tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya tuna da mu shiru. To ga nawa.

Yayyena kun yi ta kukan maza,
Ba wanda ya tuna mata da nasara.

A Rabat ɗin nan Maroko ta sa biyu,
Falcons suka rama uku, ba su ja da baya ba ko ƙiris, suka ƙara.

Kofin Afirka ya dawo hannu,
Na goma kenan, an wuce tara.

D'Tigress na kwando biyar a jere suka ɗauka,
Rena Wakama ce mai dabara.

Da yawansu jami'ar Amurka ta raina,
Mu a nan wa ke rainon namu yara?

Ni ma na yi gudu da hijabi da wando,
Mita ɗari huɗu, ba mai tsere min ko a shekara.

Na gama aji shida, aka rufe zancen,
Kofin roba na nan a kan durowa, yana ta jira.

Ku yi haƙuri wasu layukan sun yi tsawo, zuciya ce ta cika. 'Yata tana aji biyu yanzu kuma ƙafata ta ɗauko, makarantarsu ko filin fareti babu.

Sai Masu Gida 08:
Hajiya Allah ya raya ta. Ni faɗana da 'yan gidan kallo ne, har da kai Ɗan Fagge.

Kuna ta Arsenal, kuna ta Madrid,
Kun bar Pillars, kun manta gida.

Kofi huɗu muka ɗauka a lig ɗin nan,
Uku a jere, tarihi ne shaida.

Ahmed Musa a nan ya ci sha takwas,
Kafin Turai ta zo ta yi masa shimfiɗa.

Ya sa wa Ajantina biyu, Iceland biyu,
Ya dawo ya sa rigar masu gida.

Rabi'u Ali ya tsufa a fili,
Bai taɓa ce mana ya gaji da faɗa.

Amma mu ma sai mun gyara hali,
Jifan alƙalin wasa shi ke kada mu, shi ke kada.

2008, 2012, 2013, 2014, ga su nan ku ƙirga. Mun faɗa ƙasa a 2022 mun dawo, kuma duk lokacin da aka yi jifa a filin wasa na Sani Abacha maki ake cire mana a kore mu daga gida, wa muka cuta in ba kanmu ba.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida 'yan uwa na Najeriya, baiti biyu kawai gare ni.

Ku zo ku ga kokowa ranar takobi,
Jiha takwas, kowace da goma nata.

Issaka Issaka bai je Turai ba,
Yaran lakwal duka sun san bajinta.

Ɗan Fagge:
Na ji ku duka, Sai Masu Gida na karɓi laifina, rabona da Sani Abacha an fi shekara biyar.

Malam Habu ina kuke atisaye?
Ƙwallo biyu zan saya in taho da kaina.

Ka nemo min yaron adaidaitan nan,
Ya zo ya riƙe yara, mai na ranar a wuyana.

Malam Habu Mai Usur:
Allah ya yi albarka ƙanena. Asabar bayan la'asar, a kangon da ke bayan makaranta, zan turo maka kwatance. Maman Hanif ki kawo 'yar taki in gwada ta da agogo. Wanda yake da famfon iska ya zo da shi, namu bakinsa ya karye.