Basir ne ko ciwon daji? Muhawarar 'yan gida kan aikin Baffa

Kawu Ilu: Salamu alaikum. Na ji an ba Baffa ranar tiyata, ni dai ban goyi baya ba. Jini a bayan gida basir ne, wa bai yi fama da shi ba? Ko da ciwon dajin ne ma, da zarar wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Maƙwabcina aka yi wa aiki, ko wata 4 bai yi ba ya rasu.

Binta: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya jiƙansa. Amma maganar basir ta wuce. Shekara guda Baffa yana shan jiƙo da garin magani, yau sai ya zagaya tazuge sau biyu kafin wando ya tsaya masa, tafin hannunsa fari fat saboda ƙarancin jini. An zura na'ura mai kyamara ta dubura, an ga tsiron, an gutsuro an kai ɗakin gwaji. Ciwon dajin hanji ne.

Auwalu: Yaya Binta, ke ce ma'aikaciyar jinya. To me ya sa mutane suke mutuwa bayan aikin?

Binta: Saboda a makare ake zuwa. Ciwon yakan fara da ɗan tsiro a bangon babban hanji, ya ɗauki shekaru, wani lokaci har 10, kafin ya rikiɗe. Mu kuwa sai hanji ya toshe, ciki ya kumbura, ko abin ya kai hanta, sannan a kwashi mutum zuwa asibiti. Likita ya buɗe ya tarar ya riga ya bazu, sai a ɗora wa wuƙa laifi. A Amurka, waɗanda aka gano nasu bai fita daga hanji ba, kusan 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5.

Kawu Ilu: Can Amurka kenan. Nan kuɗin kemo kaɗai, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya isa a sayar da gona.

Binta: Wannan gaskiya ce Kawu, ban musa muku ba. Tsada kam akwai. Amma hoton Baffa ya nuna bai taɓa hanta ko huhu ba, kuma jira ba ya rage kuɗin.

Goggo Hajara: Ni jakar nan ta tara bayan gida da ake liƙa wa mutum a ciki bayan aiki ce ta hana ni barci. Mutumin da bai taɓa fashin jam'i ba, a ce bayan gida zai riƙa fita ta ciki? Yaya zai yi da alwala?

Binta: Goggo, ba kowa ake sa wa jaka ba, wasu kuma na 'yan watanni ne har ɗinki ya warke a mayar da hanji. Idan tsiron yana kusa da dubura, sau da yawa akan fara da gasa shi da hasken na'ura da kuma kemo don ya ƙanƙance. Batun salla a tambayi malamai, akwai sauƙi ga mai lalura. Kuma Auwalu, ku 'ya'yansa ku fara gwajin hanji daga shekara 40, kada ku jira ganin jini.

Kawu Ilu: Har yanzu raina bai kwanta ba. Ranar Litinin da ni za a je, ina so in ji daga bakin likitan.

Auwalu: Zan zo in ɗauke ku bayan asuba, Kawu.