Tsohon jirgin fito a Yauri: zai gyaru ya koma na kamun kifi?

Ɗan Bakin Ruwa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana jirgin katako wanda yake fito da shi tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake, kuma tun rasuwarsa yake kife a kan tudu. Gefensa na madaci ne, amma katakon ƙasa ya yi baƙi, ƙusoshin sun yi tsatsa, kuma ana hango haske ta wasu mahaɗai. Ƙanena yana so mu gyara shi ya riƙa zuba raga da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, a tafkin Kainji. Shin gyaran zai biya, ko gara mu sayar mu sa a ƙera sabon kwalekwale?

Kafintan Jirgi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, kada ka fara da lissafin kwalta da fenti, domin hukuncin jirgi yana ga katakon ƙasa da haƙarƙarinsa, wato gungumen da ke riƙe da allunan daga ciki. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma da tsinin wuƙa. Inda ka ji ƙara mai tsauri, itacen yana da rai. Inda wuƙa ta nutse ba tare da ka matsa ba, ya ruɓe ko gara ta cinye shi, kuma duk kwaltar da za ka shafa a kai ɓoye ciwon kawai za ta yi.

Idan haƙarƙarin lafiya suke, a ganina gyara ya fi, saboda tsohon madaci irin na lokacin su Baba ya yi wuyar samu, kuma yawancin abin da ake ƙerawa yanzu da farin katako ne mai saurin shan ruwa. A cire allunan ƙasa da suka mutu a sa na madaci ko kawo, a zare tsofaffin ƙusoshi gaba ɗaya a buga waɗanda ba sa tsatsa, sannan a cusa auduga ko tsumma a mahaɗai, a bi da kwalta mai zafi, a rufe da siririn langa-langa. Hasken da kake gani kada ya tsorata ka sosai, tun da jirgin da ya daɗe a rana allunansa tsukewa suke yi. Bayan gyara a bar shi cikin ruwa mara zurfi na wasu kwanaki har katakon ya kumbura, sannan a ga ainihin inda yake yoyo.

Basarke:
Maganar kafinta daidai ce ta fuskar itace, sai dai ina da ja a kan ko aikin zai biya. Jirgin fito an yi shi ne domin buhuna da fasinja, shi ya sa yake da faɗi da nauyi da dogon gefe, alhali mai jan raga yana bukatar ya sunkuya hannunsa ya kai ruwa ba tare da wahala ba. Dole a rage tsayin gefen, a cire yawancin kujerun a bar fili a tsakiya, kuma a goge duk wani kan ƙusa da tsagewar katako, domin raga tana kamawa da abin da ido bai ma gani ba. Ko an yi duk wannan, jirgin ba zai tuƙu da filafili ba sai da inji, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da yawa suna dawowa da kifin da bai rufe kuɗin fetur ba. Da ni ne, jirgin sayen kifi zan mai da shi, a sa masa akwatin ƙanƙara yana bin sansanonin masunta yana kwaso giwan ruwa da karfasa da ragon ruwa zuwa kasuwa, ƙanenka kuma ya yi kamun kifi da ƙaramin kwalekwale.

Malamin Makaranta:
Ina ƙara tunatar da ku cewa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin, kuma sun fi haɗari idan ruwa ya ja baya, saboda haka kada a yi rowa wajen kaurin katakon ƙasa. Hatsarin jirgin ruwa da ya auku a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ya isa ya sa a tanadi rigar kariya ga duk wanda zai hau. A kuma nemi lasisin kamun kifi, a guji dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, da raga mai ƙananan idanu, waɗanda doka ta hana.

Ɗan Bakin Ruwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun gwada da wuƙa, haƙarƙari biyu ne na baya suka ruɓe, daidai inda inji yake zama. Malam Kafinta, shin ana iya haɗa musu sababbi a gefe, ko sai an cire su an sake bayan jirgin gaba ɗaya?