Keken ɗinki a matsayin tukuicin barin sigari: wanne zan saya, kuma yaushe?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Yau kwana 12 rabona da sigari, kullum kuma ina jefa kuɗin kwali ɗaya a asusu don in saya wa kaina keken ɗinki. Ban iya komai ba sai ɗaura maɓalli. Wane keke ya dace da mai koyo? In ranta in saya yanzu, ko in jira asusu ya cika?

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, ɗana. Abu uku kake bukata a keke: miƙaƙƙen ɗinki, zigizag, da komawa baya don kulle bakin ɗinki. Kada ado iri 60 ya ruɗe ka, ba za ka taɓa rabinsu ba. Baƙin keken ƙarfe irin na Singer ko Butterfly miƙaƙƙe kaɗai yake yi, amma yana da ƙarko, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. In kana son kama bakin yadi kada ya zare, sai ka nemi na lantarki mai zigizag.

Kada ka biya sai ka gwada. Je da ƙyalle sirara da kuma jins, ka ninka jins ɗin gida huɗu ka taka. Sai ka juya ƙyallen ka dubi bayansa. In ka ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, yawanci laifin zaren sama ne, ba na kwarkwaron da ke riƙe zaren ƙasa ba: ko ɗaurinsa ya yi sako-sako, ko an zura shi alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, sai bai shiga tsakanin faifan ɗauri ba. Wannan gyaran minti ɗaya ne. Amma in an sa sabuwar allura daidai, keke ya ci gaba da tsallake ɗinki, to allura da ƙugiyar da ke cafke zaren sun saɓa lokaci. Wannan aikin mai gyara ne, ka bar shi.

Allurar keken gida gefe ɗaya na gindinta a shafe yake, lambarta 130/705H. Ɗauki 70/10 don yadi sirara, 80/12 don auduga, 100/16 don jins. Mai kuwa, man keke kawai, ɗigo ɗaya a kowane gurbi. Man girki daskarewa yake yi ya ƙame keken.

Anti Mai Jinya:
Ƙanena, ka haye wuri mafi tsanani. Ƙishin nikotin ya fi zafi a makon farko, yana raguwa cikin mako 2 zuwa 4, amma sabon hannu da baki ya fi haka daɗewa. Sha'awar idan ta taso 'yan mintuna take yi ta lafa, shi ya sa aikin da ke riƙe hannu biyu yake da amfani ƙwarai. Ni ina ganin kada ka wuce wata ɗaya ba ka saya ba, ko da rance ne. In wanda aka taɓa amfani da shi ne, buɗe akwatinsa ka shinshina. Keken da ya zauna a ɗakin mashayi yana yin danƙo ruwan ɗorawa, warin kuma yana kama bel da akwati, ya riƙa tayar maka da abin da kake gudu. In abin ya yi nauyi, tambayi likita ko mai kemis batun cingam ko filastar nikotin.

Mai Ɗinkin Labule:
Anti, a yi mini afuwa, ban goyi bayan rance ba. Bashi damuwa ne, damuwa kuwa ita ke mayar da mutum ga taba. Kwali ɗaya kullum har kwana 90, kara 1,800 ke nan da ba a kunna ba, kuma kuɗin nasa ne. Kafin nan ya sayi almakashin yadi, tef ɗin awo da allurar hannu ya fara koyon kalmasa. Ɗan'uwa, ko ka zame ka sha kara ɗaya, kada ka fasa asusun, washegari ka jefa na ranar.

Tsohon Tela:
Ranar da keken ya iso, cire zaren sama da na ƙasa, ka ja layuka a takarda ka bi su da allura har hannunka ya faɗa. Allurar da ta huda takarda ta dakushe, canza ta kafin ka sa yadi.