Neman shawara: muna so mu zaga gandayen dajin Amurka da mota mai ɗaki, mu shida

Baban Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya. Mun daɗe muna yi wa yara alkawarin kai su Yellowstone, kuma hutun bazara mai zuwa muke so mu cika, in Allah ya yarda. Tsarin da ke raina shi ne mu tashi daga Houston a jirgi mu sauka Salt Lake City, mu ɗauki hayar motar nan da ake kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Kwana goma na samu a wurin aiki, cikin watan Yuli. Na rubuta wurare biyar: Grand Teton, Yellowstone, Glacier, Zion, sai Grand Canyon.

Mu shida ne: ni, da uwargida, da yara uku (shekara 12, da 9, da ƙaramar mai shekara 2), sai Hajiya mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Ban taɓa tuƙa abin da ya fi motar gida mai kujera bakwai ba. Na ga wata mai tsawon ƙafa 32 har na kusa biyan kafin alƙalami, sai uwargida ta ce in tambaya tukuna. Shin wurare biyar ɗin za su yiwu? Wace irin mota ta dace da mu? Kuma yaushe ake kama wurin kwana, tunda yanzu muna Disamba?

Malam Na-Denver:

Wa alaikumus salam. Ka gode wa uwargida, ta cece ka. Ɗauki taswira ka haɗa lissafi: daga Yellowstone zuwa Glacier kusan mil 400 ne zuwa arewa, Zion kuwa tana kudu da Salt Lake City da mil 300 da 'yan kai, Grand Canyon ta fi ta nisa. In ka zaga duka ka dawo da motar inda ka ɗauke ta, ka haura mil 2,000. Irin wannan mota galan ɗaya mil 8 zuwa 10 yake kai ta, ka ga ka sha mai sama da galan 200, ga shi yawancin masu ba da haya suna cajin kuɗi a kan kowane mil. Sannan tafiyar da na'urar waya ta ce maka awa biyar ce, a RV da yara uku da tsohuwa ka sa bakwai. Yaran ba abin da za su tuna sai bayan kujera.

Ka yanke uku. Grand Teton da Yellowstone maƙwabtan juna ne, hanya ɗaya ce ta haɗa su, kuma Yellowstone kaɗai za ta cinye kwana biyar ba ku gama ba. Babbar hanyar cikinta, wadda ta yi siffar lamba 8, ta kai mil 140, gudu bai wuce mil 45 a awa ba, kuma garken ɓauna in suka hau titi sai sun ga dama suke sauka.

Glacier ma ko ka je, sananniyar hanyarta, Going-to-the-Sun, ba a barin motar da ta wuce ƙafa 21 ta bi tsakiyarta. Zion da Grand Canyon ka ajiye su sai wani hutun na Maris ko Oktoba. Zion a Yuli zafi ne da ke wuce digiri 100 a ma'aunin Fahrenheit na nan, bai dace da Hajiya ba.

Maman Zahra:

Baban Hanif, sannu da ƙoƙari. Ni abin da zan ce, kuskuren da muka yi shekara biyu da suka wuce kada ka maimaita shi: mun kama mota kafin mu kama wurin kwana. Da muka zo neman wuri a watan Afrilu duk sun cika, sai can wajen daji muka samu, kullum sai mun yi sammako mun bi layi a ƙofar shiga. Wurin kwana ake fara kamawa, shi ne zai gaya maka tsawon motar da za ka ɗauka, domin kowane fili da iyakar tsawon da aka rubuta masa, kuma filayen manyan motoci su ne 'yan kaɗan.

Na Grand Teton ana kama su ta Recreation.gov, ana buɗewa wata shida kafin ranar. Wato na Yuli a Janairu za su buɗe, saura 'yan makonni. Ka buɗe asusu tun yanzu, ka zaɓi fili uku ko huɗu da kake so, ranar da za a buɗe ka zauna gaban kwamfuta da safe. Colter Bay, a bakin tafkin Jackson, yana da ɓangaren da ake jona wa mota wuta da ruwa. A Yellowstone kuwa manyan zangunan, irin su Madison da Canyon da Grant Village da Fishing Bridge, wani kamfani ne mai kula da masaukan dajin ke riƙe da su, kuma shi yana buɗewa tun kusan shekara guda kafin lokaci. Saboda haka wannan yau za ka duba, ba gobe ba. In ka ga ya cika ka riƙa leƙawa, mutane suna fasa tafiya.

Fishing Bridge ne kaɗai a cikin Yellowstone mai wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta a kowane fili. Sauran, abin da ke tankinka da batirinka shi ne naka, janareta ma da lokutan da aka yarda a kunna shi.

Wata garaɓasa: ɗanka mai shekara 9 aji nawa yake? In aji huɗu ne, akwai shirin Every Kid Outdoors, yaro zai samu katin shiga kyauta, kuma katin ya ɗauke wa duk wanda ke cikin motar. In ba haka ba, katin shekara na America the Beautiful dala 80 ne ga mazauna ƙasa.

Baban Hanif:

Aji huɗu yake kuwa! Allah ya saka da alheri, Maman Zahra. Malam, na ji, amma Grand Canyon ɗin nan Hajiya ce ta ambace shi da bakinta.

Malam Na-Denver:

To ka kai ta daban, daga Las Vegas ko Phoenix, da ƙaramar mota, kwana uku ya ishe ku. Za ta fi jin daɗinsa a haka.

Injiniya:

Ni zan saɓa wa jama'a kaɗan. Ban ga dalilin RV ɗin ba gaba ɗaya. Mutane suna ɗauka araha ce, alhali in ka tara kuɗin haya na kowace rana, da na mil, da inshora, da kuɗin kayan shimfiɗa da tukwane da suke caja daban, da na fili, da mai, sau da yawa ya kai ko ya wuce hayar mota mai kujera bakwai da ɗakuna biyu a West Yellowstone ko Gardiner, garuruwan da ke bakin dajin. Kuma duk inda za ka je da gidanka za ka je. Wurin ajiye motoci na Grand Prismatic, babban tafkin ruwan zafi na Yellowstone, kafin hantsi ya cika, mai ƙaramar mota ma yana zagaye, balle mai ƙafa 32. Ga matakalar shiga motar da gwiwar Hajiya, ga banɗaki da ko juyawa ba ka iya yi a ciki. Ka yi lissafin biyun a takarda kafin ka yanke.

Maman Zahra:

Injiniya, gaskiyarka a kan kuɗi, ba araha ba ce. Amma ka manta da mai shekara 2 da kuma tsohuwa. Banɗaki yana bayanka duk inda ka tsaya. Yarinya ta yi barcin rana a gado, Hajiya ta miƙe ƙafa, sauran su je yawo su dawo. Ga firji, ka dafa abin da ka yarda da shi tun daga gida, tunda naman halal sai a Salt Lake City za ka saya ka cika firiza, in ka wuce nan ba sauƙin samu. Mu wannan ne ya sa muka ga kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Direban Tirela:

Yaya, ni sana'ata ke nan, tuƙin manyan motoci, bari in yi maganar tuƙin kawai. Lasin ɗinka na yau da kullum ya isa ga waɗannan na haya. Ƙafa 32 ta yi wa sabon hannu yawa. In ka samu mai ƙafa 25 zuwa 28 da ke da wurin kwanan mutum shida, ita ce taka. Amma kada ka tambaye su gado nawa ne kawai, ka tambayi bel ɗin kujera nawa ne, da inda suke. Kujerar jariri ba a ɗaure ta a kujerar da ke kallon gefe, dole sai mai kallon gaba. Ka sa su turo maka hoton wurin da za a ɗaure ta. In suka yi ta kame-kame, nemi wani kamfanin. Kuma mota na tafiya ba mai tashi ya je kicin ko ya kwanta a gado, duk yadda yara suka roƙa.

Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari, yawancinsu ƙafa 11 zuwa 12 ne, saboda rumfar gidan mai da rassan itatuwa. Wajen shan kwana ka tuna gindin motar yana fita waje, nan ne sababbi ke goge famfon mai. Duk lokacin da za ka yi ribas uwargida ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi.

Babban abu, gangara. Daga Salt Lake City na'ura tana iya bi da kai ta Idaho ta haura da kai Teton Pass, hanyar da ta ratsa kan dutse. Kada ka yarda. Hawa da gangarar wurin kashi 10 cikin 100 ne, birki yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Ka bi ta garin Alpine, ka bi gefen kogin Snake zuwa garin Jackson. A kowace doguwar gangara ka sauke giya tun daga sama, injin ya riƙe motar, birkin ka riƙa taka shi kana saki. Ranar farko kuma kada ka yi nisa. Karɓar mota da bayanin da za su yi maka da sayayya za su cinye rabin yini. Ka kwana kusa da gari ka koyi jona wuta da ruwa da ido biyu.

Anti Nas:

Assalamu alaikum. A gaishe da Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tsayin wurin ne ya dame ni. Houston a bakin teku take, yawancin Yellowstone kuwa yana tsakanin ƙafa 7,000 da 8,000 sama da teku, iskar ba ta da kauri. Mai hawan jini ta ga likitanta kafin tafiya, a gaya masa tsayin wurin, a ɗauki magani da rara da na'urar awo. Kwana biyun farko a bi a hankali, a sha ruwa sosai. In ta yi ciwon kai mai tsanani ko numfashi ya yi mata wuya tana zaune, a nemi asibiti. Akwai ƙananan asibitoci a cikin dajin, ɗaya yana Old Faithful. Farawa da Salt Lake City da Jackson yana taimakawa, tunda hawan a hankali ne.

Ku ɗauki rigunan sanyi. Yuli ne, amma da asuba sanyin yana kusan sa ruwa ya daskare.

Wurare da yawa ba sa buƙatar tafiyar ƙafa mai nisa. Old Faithful yana feso ruwan zafi kusan kowane minti 90, akwai benci, ana rubuta lokacin da ake sa ran na gaba. Kwarin Hayden daga tagar mota za ta ga ɓauna. A Teton akwai jirgin ruwa da ke tsallaka tafkin Jenny.

Ƙaramar kuwa, a wuraren ruwan zafi kada ƙafarta ta taɓa ƙasa sai hannunta na cikin na babba, ko a goya ta. Gadojin katakon da aka shimfiɗa yawancinsu ba su da shinge, ƙasar gefensu ɓawo ce kawai, ƙarƙashi tafasasshen ruwa. Dokar dabbobi: yadi 25 tsakaninka da ɓauna, yadi 100 da beyar da kyarkeci. Ɓauna sun fi kowace dabba raunata mutane a dajin, don suna kama da shanu masu sanyin hali, ga Yuli da Agusta lokacin barbararsu ne. Abinci ba ya kwana a waje, har tukunyar da aka wanke. Feshin korar beyar a can za ku saya, ba a shiga jirgi da shi.

Malam Na-Denver:

Ba wanda ya yi maganar tanki, kowa yana jin kunya. Uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Mutum shida masu alwala sau biyar, a yini biyu za ku ƙarar da na farko ku cika na biyu. Mu buta muke cikawa a famfon zango mu yi alwala a waje. Wajen zubarwa ka sa safar hannu, ka fara buɗe na banɗaki, sannan na wanka ya biyo ya wanke tiyon. Aikin maigida ne, kada ka waiwayi kowa. Kuma ka sauke taswira da lokutan salla a waya tun kana gari, sabis a cikin dajin sai sa'a.

Baban Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da uwargida daren jiya. Mun tsaya a kan biyu: kwana ɗaya kusa da Salt Lake City, uku a Teton, biyar a Yellowstone, ɗaya na dawowa. Na duba Fishing Bridge, kwana biyu kawai na samu a jere, na kama. Sauran ukun na samu a Madison, filin da bai wuce ƙafa 30 ba, don haka maganar mai ƙafa 32 ta mutu da kanta. Injiniya, na yi lissafin, naka ya fi araha da ɗan abin da ba a rasa ba, amma Hajiya da ta ji akwai gado da banɗaki a mota ta ce ita ke nan. Grand Canyon mun bar shi sai Oktoba. Direba, na tura wa kamfanoni biyu tambayar kujerar jariri, ɗaya ya turo hoto, zan sa maka shi ka duba min kafin in biya.