Abin da aka tattauna a fada kan jarin matasa a Maraɗi

Yawancin waɗanda suka yi magana sun ce a daina jiran jari mai yawa. Wata uwa mai ƙuli-ƙuli ta ce da jika goma ta fara, daga asusun mata irin na Mata Masu Dubara da ya samo asali nan Maraɗi a 1991. Shawararta ta fi shiga raina: a riƙa matse man gyaɗa a nan, maimakon a loda buhunan gyaɗa a wuce Ɗan Isa, garin da ke bakin iyaka da Najeriya.

Wani dattijo ya tuna rufe iyaka da Najeriya ta yi a 2019, ya ce wanda cinikinsa duka ke Jibiya ta Najeriya ya sha wuya. Fatar jar akuya ma an taɓo ta, amma majema sun yi ƙaranci.