Muhawara: Waƙoƙin Queen ne suka riƙe sunanta, ko mutuwar Freddie Mercury da fim?

Habu: Jama'a, ni dai ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya ji. Da Freddie Mercury, jagoran mawaƙan Queen, bai mutu a 1991 ba, da kuma ba a yi fim ɗin rayuwarsa a 2018 ba, da yanzu Queen ta bi sahun ƙungiyoyin rock na shekarun 1970 da ba mai tuna su sai masu furfura. Yaran da ke sauraronsu a waya yau, fuskar Rami Malek, jarumin da ya fito a matsayinsa a fim ɗin, suka fara sani kafin ta Freddie.

Malam Ɗanladi: Habu ɗana, ka cika gaggawa. Bohemian Rhapsody ta fito a 1975, waƙa mai kusan minti 6, tsawon da gidajen rediyo ba sa so, amma ta yi mako 9 tana kan gaba a Birtaniya. Lokacin Freddie yana raye, da ƙarfinsa. Kundinsu na Greatest Hits na 1981 kuwa, babu kundin da ya kai shi ciniki a tarihin ƙasar, ya haura kwafi miliyan 7. Wane fim ne ya sayar da wannan?

Habu: Allah ya ƙara girma Malam, amma ai miliyan 7 ɗin ba a 1981 aka tara su ba. Kuma ka duba Amurka. Tun 1982 ba su sake zagayen wasa a can da Freddie ba, bidiyon da suka sa kayan mata a 1984 ya ƙara dagula musu kasuwa. Me ya dawo da su? Fim ɗin barkwanci na Wayne's World a 1992, watanni kaɗan bayan rasuwarsa, shi ya kai waƙar Bohemian Rhapsody matsayi na 2 a Amurka. A Birtaniya ma mutuwar ce ta mayar da ita na ɗaya a ƙarshen 1991. Da na 1992 da na 2018, sau biyu ke nan fim yana ɗaga su.

Anti Zainab: To Habu, mawaƙa nawa suka mutu aka yi kukan mako guda aka wuce? Fim ba ya tayar da waƙar da ba ta da rai. Ka shiga kowane gidan kallon ƙwallo ranar wasan ƙarshe, ana miƙa kofi za ka ji We Are the Champions tana tashi daga filin, samari suna binta da baki, wani ma bai san kalmomin ba sai dai ya ja sautin. Tambaye su waye Brian May, mai kaɗa wa Queen jita, sai su ce ɗan wasan wace ƙungiya ne. Ita da We Will Rock You duk na 1977 ne, kuma da gangan aka gina su don taro ya shiga ciki: a buga ƙafa sau biyu, a tafa sau ɗaya, shi ke nan, ko jita ba ka buƙata. Wanda ya yi waƙar da mutum dubu 70 za su iya yi ba tare da an koya musu ba, ai ya gama da talla.

Malam Ɗanladi: Madalla Zainabu. Ƙara masa da Live Aid, 13 ga Yulin 1985 a Wembley, wasan tara kuɗi saboda yunwar Habasha. Minti 20 da ɗoriya aka ba su, ga manyan mawaƙa birjik, amma har yau nasu ake magana.

Bashir: Ni ba na bayan kowa, sai dai akwai abin da kuka tsallake. A 1984 Queen ta je Sun City, wani wurin shaƙatawa a Afirka ta Kudu, ta yi wasa, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Mandela yana kurkuku a lokacin. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya har tara ta ci su. Freddie, mutumin da aka haifa a Zanzibar a 1946 fa! Fim ɗin 2018 bai ce uffan a kan wannan ba. Ya kuma nuna kamar sun watse kafin Live Aid, alhali a watan Janairun shekarar suna Rio suna wasa. Cutar ƙanjamau ma sai 1987 aka tabbatar masa da ita, ba kafin wasan ba. Don haka in Habu ya ce fim ya wanke su ya yi musu kwalliya, a nan ina tare da shi.

Anti Zainab: Wankin suna daban, ɗorewar waƙa daban, Bashir. Sun City abin kunya ne, ban musa ba. Amma kamfanin Sony da rahotanni suka ce ya biya kusan fam biliyan 1 a 2024, waƙoƙin ya saya, ba halin masu su ba.

Habu: Bayan fim ya tara sama da dala miliyan 900 ne farashin ya kai haka, Anti.

Malam Ɗanladi: Kai dai ba ka saki. To amsa min wannan: mutanen da suka cika silima a 2018, me ya kai su in ba waƙoƙin da suka riga suka sani ba?

Habu: Zan amsa Malam, amma sai ka fara gaya min ko abin da May da mai ganga Roger Taylor ke yi da Adam Lambert, mawaƙin da ke rera waƙoƙin a madadin Freddie, yanzu sunansa Queen. John Deacon, ɗayan abokin nasu a ƙungiyar, dai tun 1997 ya koma gida bai sake hawa dandali da su ba.