"Da rarrafe yaro kan tashi": to wanda bai yi rarrafen ba fa?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah a warware mini: karin maganar nan doka ce ko kwatance? Ɗan ƙanwata watansa 11, bai taɓa rarrafe ba, jan gindi kawai yake yi, ga shi har ya fara dafa bango yana miƙewa. Kakarsa ta tasa uwar a gaba da wannan magana, wai ya tsallake mataki, ƙafarsa ba za ta yi ƙwari ba.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Hajiya, ai manya ake yi wa wannan magana. Mai ƙaramin jari da ya raina ribarsa, ɗan koyon ɗinki da ke son yanka shadda a makon farko, su ake gaya wa. Aron yaron aka yi don a ce babba daga ƙarami yake farawa. Ba a yi ta don auna lafiyar jariri ba.

Dattijon Damagaram: Malam, ban bi ka duka ba. Bahaushe ba ya gina magana a kan abin da idonsa bai gani ba. Sun ga yaro ya riƙe wuya, ya zauna, ya ja ciki, ya yi rarrafe, ya tsaya, sannan a kama hannunsa ana yi masa tata. Tsohuwar nan abin da ta gani a 'ya'ya da jikoki take faɗa, kada a mayar da ita marar sani.

Nas Ta Sashen Yara: Baba, gaskiyarka, yawancin yara haka suke bi. Amma ba duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Kashi 4.3 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, kuma lafiyayyu ne. Abin da ya fi burge ni shi ne faɗin lokacin: zama ba jingina daga kusan wata 4 zuwa 9, tafiya ba riƙo daga wata 8 har kusan 18. Yaro biyu, tazarar wata tara tsakanin tafiyarsu, kuma duk ba mai matsala. A 2022 ma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta cire rarrafe daga jerin alamomin ci gaban yaro da take ba iyaye. Masu jan gindi sukan ɗan makara wajen tafiya, wannan sananne ne, amma wanda ke dafa bango a wata 11 yana kan hanya.

Kakar Yara: Madalla, 'yata. Ni dai kullum abin da nake gaya wa matan gidanmu ke nan, sannu ba ta hana zuwa. Kowane yaro da ranarsa. A sauke shi daga goyo, a shimfiɗa tabarma, ya yi ta birgima.

Nas Ta Sashen Yara: Shawarar tabarma daidai ce, Inna. Amma karin maganar nan ta "sannu ba ta hana zuwa" ita ce take ba ni tsoro, domin da ita ake kwantar wa uwa hankali har lokaci ya ƙure. Nakan ga an kawo yaro shekara biyu da rabi ba ya tsayuwa, a ce ai babansa ma haka ya yi. Wani tamowa ce, wani shawara ce mai tsanani da ya yi a makon haihuwa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai 18 bai taka ba, ko yana amfani da gefe ɗaya na jikinsa kawai, ko ba ya waiwayawa in an yi ƙara, a kai shi asibiti. Wanda ya iya abu kuma ya daina, wannan ba a kwana da shi. Bakwaini ne kaɗai ake rage wa makonnin da ya yi saurin zuwa kafin a ƙirga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malam Mai Alli: Wannan ta ƙarshen a tarbiyya na san ta, amma ta zauna a nan, ban musa ba. Inna kuma a ƙarasa taki: "sai dai a daɗe ba a je ba." Mai maganar ya ɗauka ana tafiyar ne. Yaron da ya tsaya cak wata da watanni ba ya cikinta.

Dattijon Damagaram: To ni a nan na tsaya: rarrafe ko jan gindi, yaron dai daga ƙasa ya tashi, maganar magabata ba ta faɗi ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Wata tambaya, Nas: babansa yana son sayo keken nan da ake zaunar da yaro a ciki, wai zai sa ya yi saurin tafiya.

Nas Ta Sashen Yara: Ki hana shi, Hajiya. Ba ya koyar da tafiya, yana kai yaro bakin murhu, matakala ko rijiya kafin uwa ta juyo. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Na katako mai ƙafa uku da yaro ke turawa yana tsaye ya fi, shi ma sai da babba a kusa, kuma sai ya iya tsayuwa da riƙo sosai.